Garin Asali da Neman Salsala a Ƙasar Kurfai

Ƙasar Kurfai tana cikin jihar Tillaberi ta Jamhuriyar Nijar, a kwarin Dallol Boso, kuma babban garinta shi ne Filinge, mai nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Mutanenta su ne Kurfayawa, wani reshe na Hausawa da ya yi nisa yamma har ya shiga tsakiyar Zabarmawa da Buzaye. Zabarmawa suna kiransu Suje, kuma da yawa daga cikinsu suna jin harsunan biyu. A wannan ƙasa, mai neman salsalarsa ba ya farawa da sunan iyali, domin yawancin gidaje ba su da suna ɗaya da ake gada daga kaka zuwa jika. Ba ya kuma farawa da takarda, domin takarda baƙuwa ce a nan. Da gari yake farawa: wane gari ne tushen gidansu, wace unguwa, wace rijiya, wace gona. Wannan tsari yana da tarihi, kuma sanin tarihin shi ne rabin aikin binciken.

Dallol Boso tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun zamani mai nisa. Ya gangaro daga Azawak a arewa, ya bi ta Filinge da Balleyara, ya je ya haɗu da kogin Kwara a wajen Bumba. Ruwa ba ya gudu a cikinsa, amma yana nan kwance a ƙarƙashin yashi, kusa da hannun mai haƙa. A gefe da gefe kuwa duwatsu ne da fako, inda sai an yi gaba da yawa kafin a ga danshi. Saboda haka zama ya bi kwari, gari kuma ya bi rijiya. Wanda ya fara haƙa rijiya ya sari daji, shi ne mai wuri, kuma zuriyarsa ce ke ba baƙo gona. Duk wanda ya zo daga baya, ko da ya fi su dukiya da yawan mutane, an san ranar zuwansa da gidan da ya sauke shi. Tun daga nan lissafin kakanni ya ɗauru da ƙasa, domin sunan kaka hujja ce ta mallakar gona.

Ruwayar da ta fi yaɗuwa game da asalin Kurfayawa tana nuna gabas, wajen Adar, kuma masana tarihi sukan sa zuwansu kafin ƙarni na 19. Ba a yi ƙaurar a rana ɗaya ba, ba kuma a bayan jagora ɗaya ba. Ƙungiya-ƙungiya aka zo, aka tarar da waɗansu mutane a kwarin, irin su Gubawa, aka zauna da su, aka yi auratayya. Tsofaffin garuruwa irin su Shikal da Luma da Tunfalis da Icigin da Shat kowanne yana da labarin kafuwarsa da gidajen da ake kira masu gari. Abin lura shi ne, waɗannan garuruwa ba su kasance ƙarƙashin sarki ɗaya mai fada da hakimai ba, irin yadda aka sani a Kano ko Katsina ko Gobir. Kowane gari da dattawansa yake, da masu kula da al'adun ƙasa, da jarumansa.

Wannan bambanci yana da nauyi ga mai bincike. A Kano akwai rubutaccen tarihin sarakuna, a Daura akwai jerin sunayen da fada ke riƙe da shi, kuma mutum yakan jingina kakansa da zamanin sarki wane. Makwabtan Kurfayawa ma suna da kaka ɗaya da ake komawa gare shi: Zabarmawa suna ambaton Mali Bero, Arawan Dogon Dutsi suna danganta gidan sarautarsu da ɗan sarkin Barno. A Kurfai kuwa ilmin asali bai taru a fada ɗaya ba. Ya rarrabu gari-gari, kuma abin da dattijon Luma ya sani filla-filla, na Shikal yana iya saninsa sama-sama kawai. Wanda ya ɓata sunan garin asalinsa ya ɓata ƙofar shiga gaba ɗaya.

A cikin gari ma ilmin a rarrabe yake. Dattawan gida su ne ke riƙe da jerin iyaye maza da iyakokin gonaki. Maroƙa da makaɗa suna riƙe da kirari, wanda a cikinsa ake jero kakannin mutum a ranar suna ko aure, kuma sau da yawa kirari yakan adana sunan wani wuri da aka baro wanda masu gidan kansu sun manta. Wanzamai sun san tsagar kowane gida, domin su ke yin ta, ko da yake al'adar tana ƙarewa kuma yaran yanzu fuskokinsu ba sa faɗin kome. Tsofaffin mata su ne suka san wace aka auro daga ina, wa ya sha nonon wa, wane yaro aka ba wa riƙo. Akwai kuma taubasantaka, wasan da ke tsakanin 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, da tsakanin wata ƙabila da wata. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014. Ga mai neman salsala, wasan alama ce: in mutanen gari biyu suna tsokanar juna ba a fushi, akwai tsohuwar alaƙa a ƙasa, ta jini ko ta alkawari, kuma ya kamata a tona.

Musulunci ya daɗe a yankin, amma bai game gidajen manoman Kurfai sosai ba sai a ƙarni na 20. Kafin nan al'adun gargajiya da bori suna da ƙarfi, har ma iskokin da ake yi wa hidima a gida gadonsu ake yi, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Sakamakon haka biyu ne. Na farko, ba a tara rubutattun nasabobi da ajami ko Larabci kamar yadda gidajen malamai suka tara a Sakkwato ko Agadas ba. Na biyu, da addini ya kafu, waɗansu gidaje sun ji nauyin ambaton kakannin da ke da sunayen gargajiya ko muƙaman tsafi, sai aka riƙa tsallake su, ko a musanya musu suna. Jerin da aka ji a yau, wanda ya fara da sunayen Musulunci tun daga sama har ƙasa, yakan kasance an yi masa gyara, kuma ba don a yaudari kowa ba.

Ƙarni na 19 zamanin tashin hankali ne a Dallol Boso. Buzaye Iwillimidan suna matsowa daga arewa, waɗansu ƙungiyoyin Buzaye kuma sun riga sun zauna a cikin kwarin, a Imanan da Tagazar, kudu da Kurfai. Ana kai hari, ana kama mutane, ana biyan fansa, ana ƙulla amana a warware. A irin wannan hali ne mayaƙa suka yi sama, wato mutanen da darajarsu ta fito daga doki da mashi da iya ƙulla ƙawance, ba lalle daga gidan da ya fara haƙa rijiya ba. Ƙananan garuruwa sun watse sun taru a manya don tsaro. Waɗansu mutane an tafi da su ba su dawo ba, waɗansu an kawo su daga nesa suka zama 'yan gida. Yawancin jerin kakannin da ake iya bi da tabbaci a yau a wannan zamani suke tsayawa. Abin da ke bayansa yakan dunƙule: sunaye uku ko huɗu su tsaya a madadin shekaru masu yawa, sannan a yi tsalle zuwa ga wanda ya kafa gari.

Faransawa sun iso a farkon shekarun 1900, suka kafa bariki a Filinge. Mulkinsu yana bukatar mutum ɗaya da za a riƙe da alhakin haraji da ma'aikata da sojoji, don haka suka yanka ƙasa kanto-kanto, kowane da sarkinsa. A Kurfai wanda suka naɗa shi ne Gado Namalaya, mayaƙi da ya ba su hannu tun da wuri. Da haka garuruwan da ba su taɓa bin sarki ɗaya ba suka koma ƙarƙashin gida ɗaya, Filinge kuma ta zama cibiya. Dangantakar gidan da Faransawa ta ƙara ƙarfi a 1916, lokacin da Firhun, shugaban Iwillimidan na yamma, ya yi tawaye ya kawo wa Filinge hari a watan Afrilu aka kore shi, kafin a ci shi da yaƙi a Andarambukan a watan Mayu.

Daga wannan lokaci ne takarda ta shigo cikin maganar asali, kuma ta shigo a karkace. Kwamandoji suna rubuta rahoton rangadi da tarihin yankin da suke mulki, suna kuma ajiye bayani a kan kowane sarki: ubansa, 'yan'uwansa, 'ya'yansa, wanda zai iya gadonsa. Tafinta ne ke tsakaninsu da jama'a, kuma a ƙofar sarki ake tara masu ba da labari. Saboda haka gidan sarauta ya sami rubutacciyar salsala mai kwanan wata, sauran gidaje kuwa sai dai a ambace su a gefe, in sun yi rigima ko sun ƙi biyan haraji. Muƙamin Mayaƙi ma ya zama sunan iyali da ake gada, abin da ba a saba ba. Adamu Mayaki, wanda aka haifa a Filinge a 1919 ya kuma riƙe ministan harkokin wajen Nijar a shekarun 1960, da wannan suna aka san shi. Ɗansa Ibrahim Hasan Mayaki, da aka haifa a Yamai a 1951 ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000, shi ma haka. Ɗan irin wannan gida yana iya bin asalinsa daga ofis. Ɗan manomin Tunfalis sai ya je Tunfalis.

Ba kowa ne ya karɓi sabon tsarin ba. A 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki a fagen bori, waɗanda ake kira Hauka ko Babule, masu kwaikwayon gwamna da kwamanda da soja. Matasa suka bi ta, suka ƙi sarki, suka ƙi aikin tilas. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama su aka tsare, har daga baya shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, da sunan Kwamanda Mugu. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a wani nazari da ya buga a 1975, ya karanta lamarin a matsayin bore ga sarautar da aka ɗora wa mutane. Abin da wannan ke nufi ga mai bincike shi ne, tarihin Kurfai yana da baki fiye da ɗaya. Yadda ake ba da labarin shekarun nan a ƙofar sarki daban, yadda ake ba da shi a tsofaffin garuruwa daban, kuma kowane gida yana sa kakansa a gefen da ya fi masa daraja. Waɗanda aka kora ko suka gudu a lokacin, zuriyarsu tana wasu ƙasashe.

Takardar da ta taɓa talaka kai tsaye ita ce ta lanho, wato harajin kai. Don a san yawan masu biya, akan yi ƙidaya gari-gari, a rubuta maigida da matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa. Inda waɗannan rajistoci suka tsira daga gara da ruwa, suna da amfani ƙwarai, domin su kaɗai ne ke jero mutanen gida ɗaya a shekara sananniya. Amma an yi su ne don karɓar kuɗi, mutane kuma sun san haka. Ana ɓoye saurayi don kada a ɗauke shi soja ko aikin tilas, ana rage wa yarinya shekaru, ana tura yaro wajen kawunsa in an ji masu ƙidaya na tafe. Rashin suna a rajista ba ya nuna rashin mutum. Ga kuma matsalar rubutu: magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar Faransanci, sai a ga Kourfey da Kourfeye, Chikal da Chical, sunan mutum ɗaya kuma ya fito da siffa uku a takardu uku.

Tsarin suna shi ne babban abin da ke mayar da mai bincike gari ko yana so ko ba ya so. A Nijar mutum yana ɗaukar sunansa ne da na ubansa. A misali, in Isa ya haifi Musa, za a rubuta Musa Isa. In Musa ya haifi Ali, za a rubuta Ali Musa. Tun a kan jika sunan Isa ya fita daga takarda ke nan. A arewacin Nijeriya makaranta ta sa mutane da yawa sun ɗauki sunan garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, sai sunan ya zama alamar tushe. A Nijar wannan bai zama al'ada ba. Sannan sunan da aka raɗa wa yaro ran suna sau da yawa ba shi ake kiransa da shi ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda kunya, ba a kiran yaron da aka sa wa sunan kaka da sunan kai tsaye, sai a yi masa laƙabi. Mutum ya rayu shekara saba'in ana ce masa Tanko ko Ɗanjuma ko Auta, takardarsa kuwa tana ɗauke da Abdullahi. Masu suna Musa Isa suna da yawa a faɗin ƙasa, amma Musa na gidan wane a unguwa kaza ta Icigin ɗaya ne.

Rajistar haihuwa ta daɗe ba ta wuce garuruwan da ke da ofis ba. Yawancin waɗanda aka haifa a ƙauye kafin 'yancin kai a 1960, da ma da yawa bayansa, ba su sami takarda ba sai ranar da bukata ta taso: shiga lakwal, neman katin ɗan ƙasa, tafiya Makka. A ranar sai a je gaban alƙali da shaidu biyu, a ƙiyasta shekara, a rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza. Wurin haihuwa ma akan sa babban gari a maimakon tungar da aka binne cibiya. Dokokin 2007 da 2019 sun faɗaɗa wuraren bayyana haihuwa har zuwa ƙauyuka da gidajen likita, amma wannan jikoki zai amfana, ba kakanni ba.

Don haka shekarun kakanni da abubuwan da suka faru ake auna su. Tsohuwa ba za ta ce an haifi mahaifinta a 1914 ba, amma za ta ce yana goye aka yi babbar yunwa, wadda Hausawa da yawa ke kira Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914. Wani an yi masa kaciya shekarar Firhun. Wata an kai ta ɗaki shekarar fara, wato 1931, lokacin da yunwa ta yi ɓarna a yammacin Nijar. Akwai shekarar da aka daina aikin tilas, 1946, akwai farin 1973 da juyin mulkin Seyni Kunce a watan Afrilun 1974, akwai farin 1984. Sunayen da ake ba waɗannan shekaru sukan bambanta daga gari zuwa gari, wani da Hausa wani da Zabarmanci, don haka wanda bai san lissafin garin ba zai iya ɗora aure a kan yunwar da ba ita ba, ya yi kuskuren shekara ashirin.

Da hare-hare suka lafa a zamanin mulkin mallaka, jama'a ta bazu. Ƙanne da 'ya'ya suka fita daga tsofaffin garuruwa suna saran daji a kan tudu da arewa, wajen Abala da Sanam, suna kafa tunga. Tunga takan girma ta zama gari mai maigarinsa, amma ba ta yanke da uwar gari: can ake kai gawar babba a wasu gidaje, can ake neman mata, can ake komawa in rigimar gado ta gagara. Dangi a nan kamar yaɗon kabewa yake, 'ya'ya a nesa, saiwa a wuri ɗaya. Wata bazuwar kuma ta yi kudu, zuwa Kurmi. Samari suna tafiya cin rani Kumasi da Akra tun ƙasar Gana tana hannun Ingila, kuma a can ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa na 'yan Hauka a 1954, kusan shekara talatin bayan abin da ya faru a Shikal. Waɗansu sun dawo da keke da akwati, waɗansu sun yi aure a zango sun zauna. Daga baya hanya ta buɗe zuwa Abijan da Legas da Libiya, ga kuma Yamai, inda har akwai unguwar da ake kira da sunan hanyar Filinge.

Nisa yana canza amsar da mutum ke bayarwa in an tambaye shi daga ina yake. A zangon Kumasi, duk wanda ya fito daga yammacin Nijar ana iya ce masa Bazabarme, ko da Hausa ce harshen uwarsa. A Yamai zai ce shi ɗan Filinge ne. A Filinge zai ce Shikal. A Shikal ne kaɗai za a tambaye shi gidan wa. Jikan da aka haifa a Gana, wanda abin da ya gada kawai shi ne kalmar Filinge, bai riga ya sami garinsu ba, domin sunan ya daɗe yana rufe gunduma guda mai ƙabilu da yawa: Kurfayawa, Zabarmawan Tondikandiya, Buzayen Imanan da Tagazar, da Fulani makiyaya. Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan gundumar Filinge ne, amma Bazabarme ne daga Fandu, na gidan sarautar Tondikandiya, ba Bakurfaye ba. A 2011 an cire Abala da Balleyara sun zama gundumomi masu zaman kansu, don haka takardun gida ɗaya suna iya kasancewa a ofisoshi daban-daban gwargwadon shekarar da aka yi su.

Binciken ilmi a kan ruwayoyin baka ya sami gindin zama a Yamai bayan 'yancin kai, da ƙoƙarin mutane irin su Bubu Hama. A 1968 aka kafa cibiyar tattara ruwayoyin baka wadda daga baya ta zama CELHTO, ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai tana ajiye rubuce-rubucen ajami da Larabci, ita ce kuma ta buga littafin Djibo Hamani a kan Adar a 1975 da na Boubé Gado a kan ƙasar Zabarmawa a 1980. Takardun mulkin mallaka suna gidan adana takardun ƙasa a Yamai, waɗansu a Dakar, waɗansu a Faransa. Duk waɗannan suna ba da shimfiɗa: ƙaura, yaƙe-yaƙe, sarautu. Ba kasafai suke sauka har cikin gidan talaka ba, kuma kuskure ne mutum ya ɗauki labarin ƙabila gaba ɗaya ya manna wa kakansa.

Maganar asali a Kurfai ba hira ce kawai ba, shi ya sa ba a sakin ta da sauƙi. Dokar sarautun gargajiya ta Nijar, ta 1993 da wadda ta maye gurbinta a 2015, ta tanadi cewa mai neman sarauta ya kasance yana da haƙƙinta bisa al'ada, sannan masu gari su zaɓa. Duk lokacin da kujera ta faɗi, sai an baje salsala an tantance wanda ya cancanci tsayawa. Dokar ƙasar noma ta 1993 ita ma ta amince da mallakar gargajiya, ga shi kuwa jama'a ta ƙaru, gona ta yi kaɗan, ruwan sama ba tabbas. Tambayar wa ya sari wannan daji, wa aka ba aro, tana iya raba gida da abincinsa. Baƙon da ya zo da littafi da alƙalami yana tambayar sunan kakanni, dole a yi masa kallon mai shirin ƙara. Wannan tsoro yana da dalili, kuma mai bincike na gari yakan bayyana nufinsa tun a zaure.

Akwai wurare biyu da jerin kakanni ke yin shiru. Na farko mata. Ana lissafa maza ne saboda gona da sarauta ta wajensu ake gado, amma aure shi ne ya haɗa Bakurfaye da Bazabarma da Ba'are da Ba'adare, kuma wanda ya bi layin uba kaɗai ya ga kashi ɗaya ne cikin asalinsa. Sunan garin da aka auro kaka mace yakan buɗe reshe guda da ba a san da shi ba. Na biyu bauta. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankin a 1905, Nijar kuma ta mayar da bauta laifi a dokar 2003, amma tabon bai goge ba, yakan taso a maganar aure da ta limanci da ta gona. Gidaje da yawa sun sake gari ne musamman don su fara sabon lissafi. Wanda ya gano irin wannan a bincikensa ba shi da ikon yaɗa asirin wani gida, kuma ba daidai ba ne a yi hukunci da suna: ana sa wa ɗa Bawa a gidan da 'ya'ya ke mutuwa, ko a gidan sarauta ma.

Yadda aikin ke gudana a aikace ba shi da ado. Mai nema yakan sauka a gidan danginsa mafi kusa, su kai shi ya gai da maigari, ya ajiye goro. Ba a fara tambaya ran da aka zo. In an zauna, dattijo ne ke fara tambaya: «Kai ɗan wa ke nan?» In ya faɗi sunan uba aka yi shiru, sai ya faɗi laƙabi, nan take wani ya ce, «Af, jikan wane ne, na gidan bakin rijiya.» Daga nan sunaye ke zubowa, wani na gyara wa wani, a aika yaro ya kira wata tsohuwa ta raba gardama. Washegari a zaga da shi a nuna masa kangon gida, da gonar da gawo ke tsakiyarta, da gefen maƙabarta inda mutanensu suke. Abin da aka faɗa a taro sai a sake jin sa a keɓe, daga bakin mace da na namiji, daga gidan da kuma makwabtansa, sannan a gwada da tsohuwar takardar lanho ko littafin soja da ke cikin akwatin ƙarfe. Inda baki da takarda suka saɓa, ba lalle takarda ce mai gaskiya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a nan binciken ma haka ne.

Wayar salula ta rage nisa. 'Yan gari ɗaya da ke Yamai da Abijan da Kumasi suna haɗuwa a WhatsApp, ana tura muryar dattijo daga ƙauye, wanda bai iya karatu ba ma yana sa baki. Gwajin jini da kamfanonin Turai da Amurka ke sayarwa yana iya nuna yankin Afirka da mutum ya fito, amma ba ya iya raba Luma da Tunfalis. A gefe guda kuma, rashin tsaro da ya addabi arewacin Tillaberi tun shekarun 2010 ya tashi garuruwa da tungaye a wajen Abala da iyakar Mali, an hana hawan babur a jihar a farkon 2020, tafiya ƙauye ta zama abin shawara. Garin da ya watse, gonakinsa da kaburburansa da dattawansa ba sa sake taruwa a wuri ɗaya da za a tambaye su. Duk ɗan Kurfai da ke da tsoho ko tsohuwa a raye, a gida ko a gudun hijira, ya ɗauki muryarsu yanzu, ya tambayi sunan yanka da laƙabi, da garin uwa da na kaka, ya rubuta, ya raba wa 'yan'uwansa kofi.